Ɗinkin Ƙoƙon Kai ta Ƙofar Hanci, da Aikin da Balan-balan Ke Yi a Ciki



Na san akwai waɗanda da suka ga kan maganar wannan lacca a allon sanarwa suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin Hausa da tiyatar ƙwaƙwalwa? Suna da gaskiya, domin karatun da na je na yi a ƙasar waje a kan harshe ne, kuma ban taɓa riƙe aska ba balle wuƙar likita. Abin da ya jefa ni cikin wannan fage kuskure ne na tafinta, kuma ni na yi shi da bakina.

Shekara uku ke nan da na raka wani kawuna asibiti a wata ƙasa. Ganinsa ne ya riƙa tsukewa daga gefe, yana ganin abin da ke gabansa sarai, amma sai ya yi ta karo da mutane ta dama da hagu. An sake masa tabarau har sau biyu, a banza. Da aka ɗauki hoton kansa sai aka ga ƙari a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana danne jijiyoyin gani, likitoci kuma suka ce ta hanci za su bi su ciro shi. Ana gobe aikin, likita ya zauna ya yi bayani da Turanci ina fassarawa. Da ya zo kan wani abu da za a bari a cikin hanci na 'yan kwanaki, sai na laluba na rasa kalma, na ce wa kawu, "Za a sa maka ɗan wani abu a hanci," na wuce. Da dattijon nan ya farfaɗo ya shafa fuskarsa, sai ya ji roba ta fito daga hancinsa an manne ta a kumatu. Ya kuwa san robar, gama an taɓa sa masa irinta don fitsari. Ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan nan, ba su ɓata hanya ba kuwa?" Muka yi dariya. Amma da tsakar dare ya kai hannu zai tumɓuke ta, Allah ya sa ma'aikaciyar jinya na kusa ta riƙe hannun. Da ya ja ta, da aikin awa shida yana iya warwarewa cikin ƙiftawar ido. Tun ran nan na ɗaura niyyar sai na fahimci abin nan har in iya faɗinsa da Hausa, abin da na samo kuwa shi ne zan shimfiɗa muku yau.

Mu fara da wurin da ake aikin. Bahaushe ya ce ƙoƙon kai, ya kuwa yi dacen suna, sai dai shi wannan ƙoƙon yana da daɓe a ƙasa wanda ƙwaƙwalwa ke zaune a kai. Daɓen nan, watau gindin ƙoƙon kai, shi ne kuma rufin kogon hanci. Ku ɗauka bene ne: ƙwaƙwalwa a sama, hanci a ƙasa, abin da ya raba su ƙashi ne wanda a wasu wurare bai fi ɓawon ƙwai kauri ba, sai wani tantani mai ƙwari da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. A tsakiyar daɓen akwai wani ɗan gurbi da masana jiki na dā suka ga ya yi kama da sirdi, suka sa masa suna da Latin sirdin Turkawa. A cikin sirdin nan wani ɗan ƙullutu yake, bai fi ƙwayar wake ba, ana kiransa fituwitari, shi ke aika sinadaran da ke tafiyar da girman jiki da haihuwa da ruwan nono da wasu ayyuka da dama. Bisa kansa jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, dama da hagunsa kuma manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suka wuce. Shi ya sa ƙari a wannan wuri yakan fara da cin gefen gani, kamar yadda ya yi wa kawuna. A ƙarƙashin sirdin akwai wani kogon iska da ke buɗewa cikin hanci, shi ne zauren da likita ke bi.

Bin wannan hanya ba yau aka fara ba. Masarawan zamanin Fir'auna ta hanci suke ciro ƙwaƙwalwar mamaci in za su adana gawa, amma su ba su da damuwar rufe ƙofa in sun gama. Wanda ya fara ciro ƙarin fituwitari ta hanci a jikin mai rai shi ne Hermann Schloffer, a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, a 1907. Oskar Hirsch a Biyana da Harvey Cushing a Amurka suka gyara hanyar a 1910. Cushing ya yi aikin sama da sau 200, sa'an nan wajen 1929 ya bar shi ya koma buɗe ƙoƙon kai ta sama, kuma da yake babban malami ne, sai duniya ta bi shi. Hanyar ta tsira ne ta irin silsilar da muka sani a zaurukan karatu: Norman Dott na Edinbara ya karɓa daga Cushing ya riƙe, Gerard Guiot na Faris ya karɓa daga Dott, Jules Hardy na Montreal ya karɓa daga Guiot ya shigo da madubin ƙara girma a shekarun 1960. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Harold Hopkins na Ingila da Karl Storz na Jamus suka fito da sandar leƙe, wadda likitoci ke kira endoskof: 'yar sanda ce siririya, kaurinta milimita 4, tana ɗauke da haske da ido a bakinta, abin da ta gani yana fitowa a allo. A 1997 Jho da Carrau na Pittsburgh suka ba da labarin marasa lafiya 50 da suka yi wa aikin fituwitari da sandar nan ta kafar hanci.

Da likitoci suka ga ido ya shiga, sai suka faɗaɗa. Suka riƙa buɗe daɓen nan gaba da baya, suna ciro ƙari iri-iri waɗanda a dā sai an ɗaga ƙwaƙwalwa ake isa gare su. A nan ne suka ci karo da abin da ya kusa kashe wa hanyar kasuwa, watau yoyo.

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take, wani ruwa garau kamar hawaye, wanda ya kewaye ta ya gangara har cikin ƙashin baya. A jikin baligi akwai kimanin mililita 150 a kowane lokaci, bai kai rabin kwalbar lemo ba, amma jiki yana yin kusan rabin lita a kowace rana, sabo na zuwa tsoho na tafiya. Ruwan nan yana da matsi, kuma yana motsi da kowace bugawar zuciya. In mutum ya yi tari ko atishawa ko yunƙuri, matsin ya ƙaru nan take. To, in an huda daɓe aka yanka tantani, ruwan zai nemi hanya ya zubo ta hanci. Zubar kanta ba ita ce babbar masifa ba. Ƙofar da ruwa ya fito ta nan ƙwayoyin cutar da ke zaune a hanci za su shiga, su haddasa sanƙarau, ciwon da ba sai na yi wa mutanen wannan ƙasa bayaninsa ba. Iska ma takan shiga ta taru a cikin kai ta danne ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 2000, a cikin manyan ayyukan nan masu faɗin rami, sama da mutum 20 cikin 100 sukan sami yoyo bayan tiyata, masu suka kuwa suka ce ina amfanin ciro ƙari a bar mutum da sanƙarau.

Ina roƙonku ku tsaya ku auna wuyar wannan ɗinki. Gyartai in zai ɗinke ƙwarya yakan ɗora ta a cinya, ya juya ta yadda ya so, ya huda da basilla ya ja zare. Likitan nan kuwa ƙoƙon da zai gyara yana can a ƙarshen wani lungu mai zurfin kusan tsawon yatsa, hannunsa ba ya shiga, sai dogayen ƙarafa biyu ko uku ta kafofin hanci, ɗinki da zare kuma a wurin yana da matuƙar wuya. Bugu da ƙari, ramin a rufi yake, shi kuwa yana ƙasa. Duk wanda ya taɓa yaɓe rufin ɗaki daga ciki alhali ruwan sama na tsiyaya ya san abin da nake nufi: nauyin yaɓen yana jansa ƙasa, ruwa kuma yana turo shi daga sama. A dā sukan yanko kitse daga ciki, ko wani farin tantani mai ƙarfi daga cinya, su toshe ramin. A ƙaramin rami wannan yakan isa. A babba kuwa, facin da aka yanko daga wani wuri ba shi da jinin kansa, sai ya jira jijiyoyi su tsiro su shige shi daga gefe, kafin nan ruwa ya sami kafa.

Maganin ya fito ne daga birnin Rosario na ƙasar Ajantina. Likitoci biyu, Gustavo Hadad da Luis Bassagasteguy, suka lura cewa fatar da ta lulluɓe shamakin da ya raba kafofin hanci biyu tana shan jini daga wata jijiya da ke shigowa ta baya. Sai suka ɗaye fatar nan falle guda, suka yanke ta ta gefe uku, suka bar gefen baya inda jijiyar take, sa'an nan suka juya fallen suka shimfiɗa shi a kan ramin. Kamar yaɗon kabewa ne da aka karkata shi ya rufe wani wuri alhali saiwarsa na nan a ƙasa. An buga wannan dabara a 2006 tare da likitocin Pittsburgh, kuma a manyan cibiyoyin aikin yoyo ya sauko zuwa wajen 5 cikin 100. Faci mai rai yakan kama ƙashi cikin 'yan kwanaki.

Amma fa 'yan kwanakin nan su ne abin ji. Fallen nan ba a ɗinke yake ba, shimfiɗa shi aka yi a rufi. Dole a sami abin da zai tokare shi daga ƙasa har ya kama, yadda magini in ya zuba rufin kankare yake barin sanduna a tsaye har siminti ya bushe. A nan balan-balan ya shigo.

Robar da kawuna ya gane, bai yi kuskure ba, ta fitsari ce. Frederic Foley, likitan mafitsara a jihar Minnesota ta Amurka, shi ya ƙago ta a 1929, ta bazu a shekarun 1930. Roba ce mai hanya biyu a ciki, a kusa da bakinta akwai wata 'yar jaka da ake hurawa ta waje da sirinji, in ta kumbura sai ta hana robar zamewa daga mafitsara. Likitocin hanci sun daɗe da aron ta don tsayar da haɓo mai tsanani wanda ke zuba daga can baya, saboda haka da buƙatar tokari ta taso, abu ne da ke hannunsu. Ga shi da araha, ba kuma asibitin da ba a samunsa. Ni abin da ya burge ni ke nan: a ɗakin da aka tara na'urori na miliyoyin kuɗi, abin da aka ba amanar riƙe rufin shi ne mafi arahar kayan da ke wurin.

Ga yadda ake jera abin, daga sama zuwa ƙasa. A ciki, ƙarƙashin tantanin da aka yanka, akan shimfiɗa tantanin cinya ko wani na kanti da aka yi don haka. Wani lokaci a cike gurbin da kitse. Sa'an nan a kwantar da fallen nan mai rai, a tabbata gefunansa sun hau kan ƙashi tsirara ta ko'ina, domin ba ya kama wurin da aka bar tsohuwar fata. A bi gefen da wani ƙyalle mai narkewa da gam na tiyata, a ɗora soso mai narkewa. Sai a zura robar ta kafar hanci, a kai jakar ƙarƙashin soson, a riƙa ɗura mata ruwa kaɗan-kaɗan, likita na kallo a allo, har ta zauna daram. Soson nan da ke tsakani yana da dalili: shi ke hana balan-balan mannewa da faci, don kada ran cirewa ya taho da shi. Wutsiyar robar kuma a manne ta a kumatu. Yawanci yakan kwana uku zuwa biyar, wasu likitoci su kai mako. Ran cirewa ba a komawa ɗakin tiyata. A bakin gado za a zuƙe ruwan da sirinji, jakar ta saɓe, a zaro robar.

Gwanintar duka a ɗurin ruwan take. In bai isa ba, tokarin ya zama na banza, faci ya saki. In ya yi yawa, ɓarnar ta fi haka, domin ƙashin da zai tare matsin shi ne aka cire. Jakar tana iya tura facin sama ta danne jijiyoyin gani, waɗanda don a cece su aka yi aikin tun farko, ko ta shaƙe jijiyar da ke ba fallen jini ya mutu a wurin. Shi ya sa ba a hurawa a makance, shi ya sa kuma da marar lafiya ya farfaɗo ake gwada ganinsa, sau da yawa a ɗauki hoton kai a ga inda jakar ta zauna. In ya ce ganinsa ya dushe, ba a jira gari ya waye. Har ila yau akwai takura: kafar hanci a toshe, numfashi ta baki, maƙogwaro a bushe, ga jin kamar an cusa dutse a tsakiyar kai.

Saboda waɗannan dalilai likitoci sun rabu a kansa. Wasu sun fi son dogon soso mai kumbura wanda ake cusawa a hanci, musamman in ramin yana gaba ne a dogon rufin hanci, inda abu mai siffar ƙwallo ba ya zama daidai, ko kuma in jijiyoyin gani sun zama a buɗe. Wasu likitoci a New York sun fito da wata dabara a 2008, inda ake shimfiɗa tantanin cinya a danna shi cikin ramin da wani ɗan faranti mai tauri, kamar yadda ake toshe bakin tulu da tsumma da marfi, ta yadda facin ke riƙe kansa. Akwai kuma masu rage matsin ruwan daga tushe, su sa siririyar roba a ƙashin baya ta riƙa ɗibarsa na kwana uku. A wani gwaji da aka yi a Pittsburgh a kan mutum 170 masu babban rami, yoyo ya sami kimanin 8 cikin 100 na waɗanda aka sa wa wannan roba, da kimanin 21 cikin 100 na waɗanda ba a sa wa ba. A ƙaramin aikin fituwitari inda ruwa bai zubo ba, sau da yawa ba a bukatar falle ko balan-balan. A ganina, ni ɗan kallo, balan-balan ba shi ke toshe rami ba, kuma ba ya gyara facin da aka shimfiɗa a karkace. Amfaninsa ya sayi kwanaki ne kawai har nama ya kama nama.

Kwanakin nan kuwa rabinsu a hannun marar lafiya suke, a nan ne kuma aikin ya dawo fagen da na sani. Ana cire balan-balan a kwana na biyar, amma facin bai gama ƙwari ba sai bayan mako huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci ba fyace majina, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba sunkuyar da kai ƙasa, ba yunƙuri a bayan gida, shi ya sa ake ba da maganin da ke tausasa ciki. In atishawa ta zo, a buɗe baki ta fita. A kwanta da kai a ɗage. Takardun da ake ba marasa lafiya a can an rubuta su ne don mutanen can, ba su san da alwala ba. Mutumin da ya shekara sittin yana shaƙa ruwa yana fyacewa sau biyar a yini, yana kai goshi ƙasa, in an ce masa "kada ka sunkuya" ba zai kawo sujada a cikin lissafi ba, domin a wurinsa sujada daban, sunkuyo daban. Sai an kira abin da sunansa. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma sananne ne a mazhabar Malikiyya cewa shaƙa ruwa da fyacewa sunnonin alwala ne, ba farillai ba, kuma marar lafiya yana da sauƙin yin salla a zaune da nuni. Kawuna bai yarda da ni ba sai da na kira masa limamin unguwarsu ta waya ya ji daga bakinsa.

Akwai kuma ƙurar hunturu mai sa atishawa da bushewar hanci, da masu shaƙar garin taba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mura. In facin ya saki, abin da mutum zai gani ruwa ne garau yana ɗiga, galibi ta kafa ɗaya, yana ƙaruwa in ya karkato gaba, yana da ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, wani lokaci da ciwon kai mai tsananta in an miƙe tsaye. Mutuminmu zai ce mura ce, a dafa masa ganye ya yi sirace, a yi kwana uku ana jira, har zazzaɓi da sanƙarewar wuya su zo. Alhali kuwa a asibiti akwai gwajin da ke bambanta ruwan ƙwaƙwalwa da majina, kuma in an koma da wuri gyaran yakan zama ɗan ƙaramin aiki ta hanyar da aka bi da farko.

Ga abin da ya kamata in faɗa wa kawuna a daren nan, na rubuta shi don likitocin da ke cikin wannan zaure su gyara mini: "Kawu, ta hanci za a shiga, za a huda rufin da ke tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa, in an gama a rufe shi da fatar cikin hancinka. Kafin fatar ta kama, za a tokare ta da wata 'yar jaka mai ruwa. In ka farka za ka ji roba a hancinka irin ta fitsari. Ba kuskure ba ne, ita ke riƙe da jakar. Kada ka ja ta, kada ka bari a ja ta. Kwana biyar za ta yi a cire, cirewar kuma ba ta da tsawo."

Na karanta masa wannan bayan mun dawo gida, ganinsa na gefe ya fara buɗewa. Ya ce ya yi, sai dai in zan buga shi kada in kuskura in sa kalmar balan-balan, wai abin wasan yara ne ranar salla, ba dattijon da zai yarda a ce shi aka sa masa a ka. Shi tokari ya zaɓa. Kun dai ga a kan maganar laccar ban bi shawararsa ba, don kuwa in an ce tokari mutum sanda yake gani, ba abu mai kumbura ba. In akwai mai kalmar da ta haɗa ma'anonin biyu, ina nan bayan an tashi.